Me yasa gadar haƙori ta tangaran take karyewa a wuya?

Wani dattijo ne likita ya turo mana ɗakin da muke haɗa haƙora, ya zauna ya zaro hankici daga aljihun gaba ya warware a kan tebur, sai ga gadar haƙori ta rabe gida biyu, fara tas kamar ba a taɓa tauna komai da ita ba. Haƙora uku ne a jere na ƙasa ɓangaren hagu, a ƙasar waje aka yi masa, ko shekara biyu ba ta cika ba. Na ce Baba me kuke ci lokacin da ta karye? Ya ce wallahi ɗana burodi ne da shayi, ko ƙashi ban tauna ba, ji kawai nayi ƙas. Kuma na yarda dashi ɗari bisa ɗari, don burodin ba shi ya karya ta ba, ta daɗe tana tsagewa a hankali bai sani ba, ranar ne dai ta ƙarasa.

Ga wanda bai san aikin ba bari in ɗan yi bayani. Idan mutum ya rasa haƙora uku a jere ba lallai sai an dasa masa ƙarfe uku ba, likita zai iya dasa kusoshin titaniyam guda biyu a cikin ƙashin muƙamuƙi, ɗaya nan ɗaya can, a jira wata biyu zuwa shida ƙashi ya kama su daram, sannan a ɗora haƙora uku da aka ƙera a haɗe, biyu na gefe suna zaune kan kusoshin na tsakiya kuma yana rataye ba komai a ƙarƙashinsa sai dasashi. Shi yasa ake ce mata gada. Wannan kamun da ƙashi yake yiwa titaniyam wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ne ya lura dashi a 1952 yana gwaji a ƙafar zomo, a 1965 ya fara dasawa mutum, kuma yau shine tushen duk wannan sana'ar. Toh wurin da haƙori ɗaya ya manne da na kusa dashi a jikin gadar, wannan ɗan siririn wurin, shine mahaɗi, mu a wurin aiki kanekta muke cewa ko kuma wuya, kuma idan kaga gadar tangaran ta karye gida biyu to kusan kullum a nan ne, ba a tsakiyar haƙori ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san wannan ko da bai san sunansa ba. Idan aka zuba linta a saman ƙofa nauyin bulo yana danna ta daga sama, sai ta ɗan lanƙwasa ƙasa ko da ido baya gani, saman ta yana matsewa ƙasan ta kuma yana miƙewa kamar ana jansa gefe da gefe. Kankare yana jure matsi sosai amma baya jure ja, shi yasa magini na ƙwarai yake tabbatar da rodi ya zauna a ƙasan linta, ƙarfen ne yake riƙe jan. Tangaran ɗin haƙori halinsu ɗaya da kankare, ka danna shi yanda kake so zai ɗauka, amma ka ja shi sai ya dare, kuma baya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi kamar ƙarfe, lokaci ɗaya yake tafiya. Matsalar ita ce gadar tangaran zalla babu rodi a cikinta. Idan mutum ya tauna abu a kan haƙorin tsakiya, saman wuyan yana matsewa, ƙasan wuyan wato ɓangaren da yake kallon dasashi shine yake shan ja, kuma ba ƙaramin nauyi bane, turmin babban mutum mai ƙarfi, wato haƙorin tauna na baya, idan ya cije iya ƙarfinsa yana kai niyuton 500 har ya wuce, kusan nauyin buhun siminti kenan a kan wurin da bai kai faɗin farce ba.

Tun 1995 Kelly da abokan aikinsa a Amurka suka tattara gadojin tangaran da suka karye, wasu a bakin mutane wasu a ɗakin gwaji, suka duba fuskar karayar suka ga a wuya abin yake faruwa. Amma abin da ni yafi tsaya min a rai shine aikin Oh da Anusavice na Jami'ar Fulorida a 2002. Sun ƙera gadoji iri ɗaya da tangaran iri ɗaya, abin da suka canza kawai shine lanƙwasar kwarin da yake tsakanin haƙori da haƙori, wani kwarin mai tsini wani kuma mai faɗi kamar ƙasan ƙwarya. Da suka faɗaɗa lanƙwasar kwarin ƙasa daga milimita 0.25 zuwa 0.90 sai nauyin da gadar take ɗauka kafin ta karye ya ƙaru sosai, alhali kwarin sama da suka canza shi bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Ka duba fa, abin da bai kai milimita ɗaya ba, ba a canza kamfani ba ba a ƙara kuɗin kaya ba. Gwajin nasu ba a kan dashe suka yi shi ba, amma dokar da take aiki a wurin bata san dashe ko haƙorin asali ba, tangaran ta sani da kwari.

Dalilin kuwa kullum muna ganinsa a kasuwa. Mai yankan gilashi baya yanka gilashi har ƙasa, ɗan layi yake ja da bakin lu'ulu'u sai ya danna gefe ya ɓalle tsaf a kan layin, haka mai tayil, haka tela idan ya ɗan tsaga bakin yadi da almakashi sai ya ja ya yage har ƙarshe ba wahala. Ƙarfin da yake ratsa jikin abu kamar ruwa ne a kwata, idan hanya a miƙe take yana tafiya a baje, idan ya tarar da lungu mai tsini sai ya taru a bakin tsinin. Wani injiniya a Ingila mai suna Inglis ya yi lissafin wannan tun 1913, kuma a bisa lissafinsa kwari mai zurfin milimita 1 da lanƙwasa 0.9 yana ninka ƙarfin kusan sau 3 a gindinsa, idan lanƙwasar 0.25 ce sau 5, idan kuma ta koma 0.1 kamar bakin wuƙa ya haura sau 7. Lissafin faranti ne a shimfiɗe ba na haƙori ba, amma hanyar da abin yake bi kenan. Griffith kuma a 1921 ya nuna cewa gilashi da danginsa daga 'yar tsagar da ido baya gani suke fara karyewa, wato ƙarfin tangaran ba a jikinsa gaba ɗaya yake ba, yana wurin aibi mafi muni da yake ɗauke dashi, idan kuma wannan aibin ya zo ya dace da gindin kwarin ƙasa to an gama.

Na ɗauki guntun gadar Baba na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma na haska fitila daga gefe. Fuskar karaya tana da labari idan ka iya karanta ta, akwai wasu siraran layuka da suke bajewa kamar haskoki kuma duk suna nuna inda tsagar ta taso, ta sama kuma sai kaga wani ɗan leɓe ya lanƙwashe inda tsagar ta je ta fita ta ɓangaren matsi. Layukan nan duk ƙasa suka nuna, gindin kwarin. Kuma a daidai wurin ga sawun faifan lu'ulu'u na yanka nan ɓaro-ɓaro, 'yan ƙarce-ƙarce a jere, wani ya sa faifai bayan an gama gasa gadar ya zurfafa tsakanin haƙoran don su fito ɗaya-ɗaya kamar na asali, bai kuma goge wurin ya yi santsi ba. Na auna tsayin wuyan daga sama zuwa ƙasa, milimita biyu da rabi ne da ƙyar. Raina ya ɓaci sosai ranar, saboda kayan da aka yi aikin dasu masu kyau ne, dashen ma ya zauna lafiya, minti ɗaya na faifai ne ya jawo wa bawan Allah asarar kuɗin jirgi da na aiki.

Kuma na san abin da yake sa a yi hakan, ba mugunta bace. Babu mai son a kalli bakinsa a ga haƙora sun manne kamar an zuba su a kwano ɗaya, majiyyaci yana so idan ya yi dariya a ga rabuwa tsakanin kowane haƙori, likita yana so majiyyaci ya yi murna, mai haɗawa kuma yana so likita ya sake kawo aiki, toh duk wannan son kyan a kan wuya yake ƙarewa, kowa ya ɗan rage kaɗan. Abin da gwajin 2002 ɗin nan ya bamu shine mafita, idan dole sai an zurfafa to a yi ta sama da ta gaba inda ido yake gani kuma hatsarin yafi sauƙi, a bar ƙasa da faɗinsa kamar baka, a kuma ƙara kauri ta ɓangaren harshe inda babu mai leƙawa. Sannan a yi wannan siffar tun a kwamfuta lokacin zane, ko tun zirkoniya, wato tangaran mai ƙarfi da ake ƙera gadar da ita, tana da laushi kamar alli kafin a gasa ta, don a wuta tana tsukewa da wajen kashi 20 cikin 100 ta koma dutse, duk abin da ka yanka bayan nan rauni ka bari.

Sai maganar girma, wacce ita ce mutane suka fi riƙewa amma rabi suke riƙewa. Kamfanonin zirkoniya yawanci suna cewa wuyan gadar haƙora uku ta baya kada ya gaza murabba'in milimita 9, ta gaba 7, idan haƙora biyu ne a rataye a kai 12, shi kuma tangaran mai gilashi da ake kira litiyam daisiliket 16 ake nema masa. Manhajar zane tana nuna maka lambar, idan ta kai sai ta yi kore ka wuce. Amma 9 ɗin ba iri ɗaya bace. Kafinta idan zai yi rufi baya kwantar da katako tu-bai-fo a kan faɗinsa, a kan gefe yake tsayar dashi, katako ɗaya ne nauyi ɗaya amma a tsaye yafi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, saboda ƙarfin jure lanƙwasa yana tafiya da faɗi sau ɗaya ne, da tsayi kuwa sau biyu wato tsayi sau tsayi. Ɗauki wuya mai tsayi 4 da faɗi 2.25, da wani mai tsayi 2.25 da faɗi 4, dukansu 9 ne a manhaja dukansu kore, amma idan ka buga lissafin na tsaye yafi na kwance ƙarfi kusan sau 1.8 a kan nauyin da yake saukowa daga sama. Akwai kuma wani kuskuren da nake yawan gani, mutum ya auna da ma'auni ya ga 3 ta nan 3 ta can ya ce ai tara kenan, alhali wuyan ba murabba'i bane zagayayye ne, da'ira mai faɗin milimita 3 kuwa murabba'in milimita 7 ce da ɗan ɗigo, biyu sun tafi ba a sani ba.

Bawai ina cewa a yi wuya siriri dogo kamar reza ba. Tauna ba daga sama kawai take saukowa ba, muƙamuƙi yana niƙa ne gefe da gefe, haƙoran gaba ma nauyinsu daga ciki zuwa waje yake turawa, don haka a gaba kaurin gaba-da-baya yana da nasa muhimmancin, a baya kuma idan ka sirance faɗin da yawa nauyin da ya zo a karkace zai murɗe shi. Ni dai a turame nafi natsuwa da siffar ƙwai a tsaye, tsayi ya ɗan fi faɗi, babu kusurwa ko ɗaya a zagayen.

Tsawon gadar shi ma lissafinsa ba na kai tsaye bane. Idan ka ninka tazarar da take tsakanin ginshiƙai biyu lanƙwasar ba ninkawa take ba, sau 8 take ƙaruwa, idan ka ninka sau uku ta zama sau 27, shi yasa gadar da haƙora biyu suke rataye a tsakiya wata dabba ce daban, kuma wuyan da yake tsakanin ratayayyun biyun nan shine yafi kowa shan wahala.

Toh yanzu me dashe ya canza a cikin wannan duka? Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne yake da ƙashi ba, akwai wata siririyar jijiya da ta zagaye saiwarsa tana riƙe dashi kamar katifa, idan ka cije yana ɗan nutsewa maikuron 25 zuwa 100 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), dashe kuwa ƙashi ne ya kama ƙarfe kai tsaye, motsinsa bai wuce maikuron 3 zuwa 5 ba. Mutane da yawa suna jin haka sai su ce kenan gada a kan dashe tafi saurin karyewa, amma abin ba haka ya miƙe ba. A ɗakin gwaji an sha ganin gadar da take kan ginshiƙai masu ƙarfi marasa motsi tana ɗaukar nauyi fiye da wadda take kan ginshiƙai masu ɗan lilo, saboda idan ginshiƙi yana karkatowa ciki yana ƙara buɗe ƙasan wuyan ne, wanda ya tsaya cak kuwa yana taimaka masa. Wannan ribar dashe ce. Sai dai ribar tana zuwa da nata bashin, don sandar da aka ɗaure bakinta biyu tamau idan aka danna tsakiyarta ja yana bayyana har ta sama kusa da inda aka ɗaure, kenan a kan dashe kwarin sama ma ba wurin wasa bane gaba ɗaya.

Babban bashin kuma guda biyu ne. Na farko jijiyar nan ba katifa kawai bace, ita ce take gaya wa ƙwaƙwalwa ka taka tsakuwa a cikin shinkafa, kafin ka ankara bakinka ya saki. Mai dashe ya rasa mafi yawan wannan jin, an auna an ga sai nauyi ya ninka wajen sau takwas kafin ya ji an taɓa dashen idan aka kwatanta da haƙorin asali, kenan yana cizawa da ƙarfi bai san yana yi ba, kuma babu abin da zai sassauta bugun kafin ya isa tangaran. Na biyu shine zama. Idan gada a kan haƙoran asali ta ɗan kauce da ƙiris haƙoran suna matsawa su karɓe ta cikin kwana biyu, dashe baya matsawa ko na gashi ɗaya, idan awon bakin da aka ɗauka ya ɗan karkace, ko gadar ta ɗan murɗe a wuta, likita ya ɗora ya ɗaure sukurun farko ya ɗaure na biyu da ƙarfi, to sukurun zai jawo ta ta zauna dole, kuma wannan dolen a wuya take taruwa ta zauna dare da rana tun mutum bai fara tauna komai ba. Zirkoniya tauri gareta kusan ninki biyu na titaniyam, a ma'aunin tauri gigafaskal 200 da ɗoriya ita, shi kuma wajen 110, bata san sassauci ba. Shi yasa likitan kirki yake ɗaure sukuru ɗaya tak ya duba ko ɗaya gefen ya ɗaga, ya ɗauki hoto ya tabbatar, kafin ya ce an gama.

Akwai kuma ramin sukurun kansa. Kusar dashe faɗinta milimita 4 ne ko kusa da haka, turmi kuwa yana kai 10, kenan haƙorin yana tasowa daga siririn gindi ya buɗe kamar laima, ramin sukuru kuma ya ratsa tsakiyarsa, idan aka dasa kusar a karkace ko ta matso kusa da giɓin sai ramin ya zo dab da wuya ya cinye naman da ya kamata ya riƙe shi. Wannan ba laifin mai zane bane, tun ranar tiyata aka yanke hukuncin, kuma shi yasa nake ganin bai kamata a dasa kusa ba sai an fara zana haƙorin da zai hau kanta.

Idan kuma gadar mai rataye a gefe ɗaya ce, wato haƙorin ƙarshe ya zarce babu ginshiƙi a bayansa kamar baranda, to komai ya juye, ja yana sama matsi yana ƙasa, magini ma a baranda sama yake sa rodi. A nan kwarin sama shine wanda ba a taɓawa da faifai.

Da yawa daga cikin abin da ake rubutawa yanzu a kan wannan batu daga gwajin kwamfuta yake fitowa, kuma yana da kyau mai karatu ya san yanda ake yi. Ana zana ƙashi da kusa da gada a manhaja, a yayyanka su ƙanana-ƙanana dubbai kamar tayil, a gaya wa kwamfuta taurin kowane abu, a ɗora nauyi, sai ta fito da hoto mai launi, shuɗi inda lafiya ja inda ƙarfi ya taru, sai a canza siffar wuya, zagayayye, mai siffar ƙwai, mai kusurwa, a sake bugawa. Kusan kullum jan yana fitowa a ƙasan wuya, ya ƙara ja idan kwarin ya yi tsini ko nauyin ya zo a karkace, a ƙashi kuma yana taruwa a bakin ƙashin da ya zagaye wuyan kusa. Hanya ce mai amfani ƙwarai don tana nuna abin da ba za ka iya aunawa a bakin mutum ba. Amma kwamfuta tana ɗauka tangaran ɗin babu aibi ko ɗaya a jikinsa, ƙashi ya kama kusa ko'ina, gadar ta zauna daidai, nauyi kuma sau ɗaya aka ɗora, babu miyau babu faifai babu mai cizon haƙora cikin barci. Don haka ni ina karɓar hoton a matsayin mai nuna wace siffa tafi wace, bana karɓar lambar a matsayin alƙawarin cewa gadar ba za ta karye ba. Kuma idan naga an auna tangaran da ma'aunin von Mises kaɗai sai in ja baya, wannan ma'aunin na ƙarfe ne mai lanƙwasa kafin ya karye, baya bambance matsi da ja, tangaran kuwa ja mafi girma ake dubawa don shine yake kashe shi.

Wani zai ce ai zirkoniya ce, ƙarfen tangaran, me zai same ta. Gaskiya ne tana da wata baiwa da Garvie da abokansa suka bayyana a Ostireliya a 1975, idan tsaga ta fara tafiya ƙwayoyin da suke bakin tsagar suna canza siffa su kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 su matse ta su hana ta wucewa. Amma wannan baiwar ta tsohuwar zirkoniya ce mai kashi 3 na wani sinadari da ake haɗa mata mai suna itiriya, wadda ƙarfinta yake kai megafaskal 900 zuwa 1200 amma fara ce fat kamar alli bata da kyan gani. Sabuwar da kowa yake so yanzu mai ɗaukar haske kamar haƙorin gaske an ƙara mata itiriya zuwa kashi 5, kyau ya ƙaru, ƙarfi ya sauko wajen rabi ko sama da haka kaɗan, baiwar matse tsagar ma ta ragu sosai. Duka sunansu zirkoniya a takardar kuɗi. Ƙa'idar duniya ta tangaran ɗin haƙori, ISO 6872, ta ce gadar haƙora uku da ta haɗa da turmi tana buƙatar kayan da ya kai megafaskal 500, mai haƙora huɗu ko fiye 800, kenan wanda ya ɗauki lambar 9 ta tsohuwar zirkoniya ya yi wuya da sabuwa mai haske ya ci amanar gadar, ita sai an ƙara mata kauri. Akwai ma dunƙulen zirkoniya da ake sassaƙa gadar daga ciki mai hawa-hawa, ƙasa mai ƙarfi sama mai haske, idan mai zane bai lura ba ya ɗora gadar sama sai wuyan ya faɗa a ɓangare mai rauni.

Sai lokaci da miyau. A ɗakunan gwaji ana ɗaukar tauna miliyan 1.2 a matsayin shekara 5 a baki, kowace tauna tana ɗan buɗe tsagar ta rufe, ruwa kuma yana shiga bakinta yana warware haɗin ƙwayoyin, a haka take ci gaba da nauyin da ko kusa bai kai na karya sabuwar gada ba, shi yasa burodi ya ƙarasa ta Baba. Kuma mu a nan abin da muke sa wa haƙori ba kaɗan bane, goro, ɓare rake da haƙori, busasshiyar aya, kilishi, guringuntsi da ƙashin kaza, ƙwallon dabino da aka ci karo dashi ba shiri, wani ma har kwalbar lemo yake buɗewa. Wanda ya zana gada a wata ƙasa bai tambayi me mutumin yake ci ba, ya bi mafi ƙarancin lambar da kamfani ya rubuta, mafi ƙaranci kuwa na mai cin abu mai laushi ne.

Kada kuma a ɗauka maganin shine a cika wurin da tangaran har ya danne dasashi. Dole a bar ƙofa a ƙarƙashin wuya da ɗan burushin tsakanin haƙora zai shiga ya fita, in ba haka ba abinci ya taru, dasashi ya kumbura, ƙashin da ya riƙe kusar ya fara zaizayewa, ka tsira da gada ka rasa ginshiƙi wanda yafi ta tsada da wahalar gyara. Tsakanin haƙorin sama da yake saukowa da dasashin da yake ƙasa wani lokacin milimita 5 ko 6 ne kacal, musamman idan giɓin ya daɗe har haƙorin da yake fuskantarsa ya zubo ciki, a cikin wannan ɗan wurin za ka raba wa wuya nasa, burushi nasa, kwarin sama nasa. Idan wurin bai isa ba gara a faɗa wa majiyyaci gaskiya, ko a rage haƙorin da ya zubo, ko a ƙara kusa ta uku a raba haƙoran, ko a koma gada mai ƙarfe a ciki da tangaran a sama, wadda ƙarfen nata yake jure wuya siriri don shi yana da haƙurin ja.

Ta Baba mun sake ta da zirkoniya mai ƙarfin, likita ya ɗan rage turmin sama da ya zubo muka samu wuya mai tsayin milimita 4, muka faɗaɗa ƙasan kamar baka muka ƙara kauri ta ɓangaren harshe, rabuwar haƙoran kuma da launi muka nuna ta, ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a cikin kwarin, faifai bai taɓa wurin ba bayan wuta. Da aka duba sauran haƙoransa an ga duk sun side a sama alamar yana cizawa cikin barci, sai aka yi masa robar kwana. Ranar da aka ɗaura ya karɓi madubi ya daɗe yana dubawa, ya sa ɗan burushin ya ga yana wucewa ta ƙasa, sannan ya juyo ya ce toh ɗana raken fa? Na ce Baba a fere muku a yayyanka ƙanana, ku tauna ta dama.